Gidan Ƙwarau Bai Fito Ba

La'asar sakaliya a Yamai.
Fanka na kwasar zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan,
ni kuwa ga ƙasar nan kaf a gabana
cikin allon da faifai biyu za su rufe.
Jaha takwas. Linzami na hannuna.
In na ja gabas, Difa ta matso,
in na ja yamma, kogi ya taho da Tilaberi a kafaɗa.
Kakana sai da ya kashe takalmi biyu daga Adar zuwa nan.
Ni da yatsa ɗaya nake komawa.

Mushe Alzuma ya ce kafin Litinin.
Kowane gari da launinsa:
inda aka fito zaɓe, kore shar,
inda aka yi zamansu a gida, ruwan ƙasa,
inda babu labari, toka.

Na zuba ƙidaya a dama,
na zuba ƙuri'u a hagu,
na ce wa na'ura ta haɗa kowa da ɗan'uwansa.
Kafin shayina ya huce ta gama,
ta bar ɗari uku da bakwai tsaye a bakin ƙofa,
wai ba ta san su ba.

Garinmu na ciki.

Mai ƙidaya ya rubuta Guidan Kouaraou.
Mai zaɓe ya rubuta Guidan Karao.
Wani Nasara da ya daɗe da zama ƙasa,
da kunnensa na baƙo, ya ji Kourao.
Cikinsu ba wanda ya sa wa harafin ƙugiyarsa.
Na'ura ta ce ko gari uku ne,
ko babu ko ɗaya.

Mutum dubu da ɗari huɗu da goma sha biyu, in ji takarda.
Na san wasunsu.
Tabawa na ciki, mai ɗinkin buhun albasa,
wadda ta tsaga mini kunne ina kuka.
Yayana Asumane na ciki,
ko da yake daga kaka har faɗuwar ruwa
yana Abijan yana tura baro.
An ƙirga jaririn Zali da bai kai suna ba.
Shi ma yana nan, cikin goma sha biyun,
ba wanda ya cire shi.

Na ƙara matsowa.
Ga jan layi, iyakar komin biyu,
ya ratsa gonar Kawu Nomau ta tsakiya:
geronsa a hannun magajin gari ɗaya,
wakensa a hannun wani.
Takardar haraji kan zo masa sau biyu.
Rijiya kuwa, kowa ya ce ta ɗayan ce ya haƙa.

Na kira shi. Sai da ya hau tudun makaranta
kafin muryarsa ta daina tsinkewa.
Na ce, Kawu, kun yi zaɓe kuwa?
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Hwaɗa ma injin naki shi taho shi ga yatsana.
Sati ukku tawadar ba ta hita ba.
Har da ita ni ci tuwon sunan ɗan Illo."

Na ajiye waya.
Na goge Kouaraou, na goge Karao,
na nemi ƙugiya a madannai, babu,
sai da na aro ta daga wata tsohuwar wasiƙa.
Gidan Ƙwarau.
Ɗigon ya yi jim kamar mai tunani,
sannan ya bar toka.

An kira magariba daga wajen Wadata.
Mai gadi ya leƙo, makullai na kuka a hannunsa.
Na ce ina zuwa.

Saura ɗari uku da shida,
kuma ban da lambar kawun kowa.